Na gaji gidan burodin mahaifina, amma maganar Baffa ake bi

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 31, ina zaune a Jos, wajen Unguwar Rogo. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu. Ya bar gidan burodi mai ma'aikata 14, da mata biyu, da mu 'ya'ya tara, huɗu a cikinmu ko sakandare ba su gama ba. Ni ne babban namiji. Ina aikina a wani kamfani a Abuja aka ce in ajiye in dawo in riƙe gidan burodin, na kuwa dawo.

Matsalata Baffana ne, ƙanin mahaifinmu, wanda ya yi sama da shekara 20 yana tare da shi. Makullin sito yana hannunsa, shi yake fitar da fulawa, shi yake karɓo kuɗi wajen masu shayi. In na ba da umarni, sai yara sun je sun tambaye shi kafin su yi. Har yau da sunan da ake kirana ina yaro suke kirana. Burodi yana fita kullum, ba ya kwana, amma in lokacin sayen fulawa ya yi sai mun ci bashi. Daga cikin gida kuma kullum ana aiko yara karɓar kuɗin cefane daga durowa, in na yi magana a ce kayan ubansu ne. Na kawo POS da kwamfuta, na sa kyamara tana kallon durowar kuɗi, tun daga nan kowa ya ɗaure min fuska, babban mai gashinmu ma yana cewa zai bar aiki. Zuciyata tana ba ni Baffa yana taɓa kuɗi, amma ba ni da hujja. Ina tunanin ko in sallami kowa har da shi in ɗauki sababbi, ko in sayar da wurin in koma Abuja. Wanne ya fi? Don Allah a sakaya sunana.

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kai haske kabarinsa, Ya sa albarka a abin da ya bari.

Cikin biyun da ka lissafa babu wanda za ka yi a watan nan. Kar ka sallami kowa, kar ka kira dillali. Akwai tambayar da ta riga su duka, kuma ban ga amsarta a wasiƙarka ba. Ka ce "aka ce in dawo in riƙe". Wa ya ce? A wane zama? A gaban wa? In na fahimce ka daidai, a kwanakin zaman makoki wasu manya suka ce ai kai ne babba, ka tattaro kayanka ka taho, shi ke nan. Ba a raba gado ba, ba a tara ma'aikata an ce daga yau ga mai magana ba, ba a yanka maka albashi ba, ba a faɗa wa Baffa matsayinsa ba. To yaran da suke zuwa wajensa kafin su bi maganarka ba raina ka suke yi ba. Mutumin da suka shekara 20 suna gani da makulli suke bi, domin babu wanda ya taɓa ce musu abin ya sauya.

Tun ranar da mahaifinku ya cika, gidan burodin nan ya tashi daga na mutum ɗaya ya zama na mutum 11: iyayenku mata biyu da ku tara, sai dai in kakanninku na wajen uba suna raye, su ma suna da nasu kason. Matan biyu suna tarayya a tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran kuma naku ne 'ya'ya, namiji yana da rabon mace biyu, bayan an biya basussukan mamaci da wasiyyarsa in ya bari. Baffa ba ya gado tunda akwai ɗa namiji. Saboda haka yarinyar da ta tsaya a bakin durowa ta ce kayan ubanta ne ba ƙarya ta yi ba. Kai ma da ka ce za ka sayar, da wane iko? Kasonka kaɗai kake da iko da shi. Ga kuma huɗun nan ƙanana, marayu ne, dukiyarsu tana cikin kowane buhun fulawa da ake buɗewa. Ka san gargaɗin da ya zo a Suratun Nisa'i a kan dukiyar maraya, ka kuma san a aya ta 6 an ce in za a miƙa musu dukiyarsu a kafa shaidu. Wa zai iya miƙa abin da bai taɓa lissafawa ba?

Aikinka na farko ke nan, kuma a cikin gida yake, ba a bakin tanda ba. Ka nemi malamin da ya san rabon gado, da dattijo ɗaya ko biyu daga abokan marigayi waɗanda ɗakunan biyu suka yarda da su. A zauna. A yi wa gini da tanda da injin kwaɓi da janareto da motar rabo ƙima, a lissafa bashin da ake binku da wanda kuke bi, a fitar wa kowa kasonsa a takarda. Raba gado ba ya nufin a farfasa gidan burodi. Ana iya cewa kowa ya san kasonsa, amma an bar shi a ciki yana juyawa. A wannan zaman ne magada za su ce sun wakilta ka, su faɗi albashinka, su faɗi abin da za ka yanke kai kaɗai da abin da sai ka dawo gare su, su kuma sa ranar da za ka riƙa karanta musu lissafi, ko bayan wata uku-uku. A rubuta, kowa ya sa hannu, iyaye su sa a madadin ƙanana. Washegari dattijon nan ya zo gidan burodi ya faɗa wa ma'aikata da bakinsa, Baffa yana tsaye.

In kuna so abin ya zauna sosai, ku je Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ku mayar da shi kamfani, hannun jarin kowa daidai da kasonsa na gado. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni abubuwa da dama, lauya zai nuna muku yadda ake rubuta kason yara. Ko ba ku yi haka yanzu ba, asusun banki da sunan gidan burodin dole ne. Asusun marigayi banki ba zai bari ku taɓa ba sai da takardar kotu, asusunka na kanka kuma ba wurin ajiye kuɗin mutum 11 ba ne.

Maganar durowa a nan za ta mutu, in ka bi ta a hankali. Iyayenku ba son ɓarna suke yi ba, haka suka saba. Mai gida yana raye in gishiri ya ƙare a aika yaro wajensa, shi kuma ya zura hannu ya bayar, don kuɗinsa ne kuma shi kaɗai ya san abin da ya shiga da abin da ya fita. In ka ce musu kawai a daina zuwa, sun ji ka ce a daina cin abinci. Ka yanka wa kowane ɗaki kuɗin cefane na mako, ranar Juma'a da safe ya isa hannunsu tun kafin su tambaya, da burodin gida adadi sananne kowace rana. Kuɗin makaranta da na asibiti su ma a san ta inda za su fito. Kowace naira a rubuta ta da sunan ɗakin da ya karɓa. Ɗakin mahaifiyarka za ka fi tsananta wa, domin idon ɗaya ɗakin a kanka yake, kuma yana da hakkin ya kasance a kanka. Kai ma daga ranar in ka ɗauki kuɗin mai ko na kati daga durowa, ka rubuta sunanka a littafin a gaban yaron kanti. Mako biyu kana haka, labarin zai zaga gidan burodin ba tare da ka buɗe baki ba.

Yanzu zancen kuɗin da ba a gani. Ka ce zuciyarka tana ba ka Baffa ne. Mai yiwuwa ne. Amma zato zunubi ko da ya zama gaskiya, kuma ni da na karanta wasiƙarka na hango ƙofofi da yawa da kuɗin gidan burodi ke bi su fita ba tare da ɓarawo ko ɗaya ba.

Ka tuna lokacin da ka karɓi wurin nan. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawarmu daga waje ake shigo da ita. A 2023 an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, fulawa da sukari da bota da dizal da leda duk suka tashi. Mahaifinka ya yi kasuwancinsa a zamanin da riba ke da kauri, ko an yi ɓari kaɗan ba a ji. Tsarin nan nasa na kiyasi da ido kuke kai har yau, alhali ribar ta sirance. Yaushe rabon da wani a gidan ya zauna ya lissafa nawa burodi ɗaya yake ci kafin ya shiga leda? Burodin da ba ya kwana ba shaidar riba ba ne. Wani lokaci abin da ya sa ake rububinsa shi ne kuna sayar da shi ƙasa da kuɗin da kuka kashe.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ba a ofis da kwamfuta za ka yi shi ba. Ka sa rigar sanyinka ka je da asubar fari lokacin da ake ɗora kwaɓin farko. Ka ce wa babban mai gashi kana so ya koya maka aikin buhu ɗaya daga farko har ƙarshe, ka kuwa nufi hakan da gaske. Ka tsaya a buɗe buhu mai kilo 50 a gabanka. Ka auna sukarin da aka zuba, da yis, da gishiri, da bota, da ruwa. In kwaɓi ya fito daga inji a ɗora shi a sikeli. Sai ka tsaya wajen mai yanka, wanda yake gutsuro curi da hannu yana jefawa a kwano cikin saurin da ido ba ya bi. Ka ɗauki curi goma a jere ka auna ɗaya bayan ɗaya. A ce, don misali, kwaɓin buhu ɗaya ya kai kilo 80, kuma curin da ya kamata giram 500 ne. Burodi 160 ke nan. In hannun mai yanka ya saba da giram 530, abin da za a samu bai wuce 151 ba. Burodi tara sun tafi a buhu ɗaya, in kuna yin buhu goma a rana 90 ke nan, kullum, kuma babu wanda ya saci komai. Daga nan ka bi shi tanda ka ƙirga wanda ya ƙone da wanda ya lotse. Ka lura da tsawon lokacin da janareto yake ruri ana jiran kwaɓi ya tashi, don sanyin Jos na Disamba da Janairu yana jinkirta shi. Ka ƙirga na ma'aikata, da na maƙwabta, da na almajirai, da na jami'in da ke tsayawa da babur a gaisa. Sadaka alheri ce, ban ce a daina ba. A san adadinta kawai, tunda da dukiyar marayu ake yinta.

Ka maimaita wannan kwana bakwai. A ƙarshe za ka sami lamba ɗaya: buhu ɗaya yana ba da burodi kaza na girma kaza. Wannan lambar ita ce za ta yi maka aikin da kake so kyamara ta yi. Buhu nawa ya fita daga sito, burodi nawa ya fito daga tanda, nawa aka loda a mota, nawa ya dawo, kuɗi nawa ya shigo, bashi nawa aka rubuta. Layi shida a littafi mai bango mai ƙarfi, kowace rana shafi ɗaya. Ranar da layi na farko da na biyu suka saɓa, matsalar tana ɗakin kwaɓi. Ranar da na uku da na biyar suka saɓa, tana kan hanya. Ba sai ka harari kowa ba. Kowane dare ka ɗauki hoton shafin da waya ka tura wa wani daga cikin magada na ɗaya ɗakin. Duk ɗan Jos da ya ga gobarar babbar kasuwar Terminus ta watan Fabrairun 2002 ya san bai kamata littafin bashi ya zama kwafi ɗaya da ke kwana a shago ba.

Gargaɗi ɗaya a nan. In ka matsa wa masu kwaɓi da cewa lallai buhu ya ba da adadi kaza ko ta halin ƙaƙa, wani zai je ya nemo sinadarin kumbura burodi da NAFDAC ta haramta, wato buromet, ya zuba maka a ɓoye. Lambar daga gwajinku za ta fito, da yardar mai gashi, ba daga burinka ba.

Masu shayi kuwa su ne jinin gidan burodi, su ne kuma inda kuɗi ya fi maƙalewa. Mai shayi ya karɓi burodi da safe ya ce sai yamma, da yamma ya ba da rabi, gobe ya karɓi wani. In mutum 40 kowa ya riƙe kaɗan, kuɗin fulawar mako guda ne yake zaune a teburan shayi daga Bauchi Road zuwa Farin Gada. A buɗe wa kowannensu shafi, a sa masa iyaka, wanda ya kai iyakarsa sai ya rage kafin a ƙara masa. In wani ya ce ai marigayi ba ya rubuta mana, a tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ce kar a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Sannan ka bincika wata sabuwar ƙofa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 masu shayi da yawa sun koma turawa ta waya. Asusun wa suke tura wa? In na yaron mota ne ko na Baffa, ko da niyyarsu mai kyau ce, kuɗin ya cakuɗe da nasu. A buga lambar asusun gidan burodi a jikin mota da kan takardar rabo. POS ɗinka ka bar shi, yana da amfani. Kyamarar da ke kallon durowa kuwa ka juya ta ta kalli ƙofar shiga. Ka sa ta ba ka yi shawara da kowa ba, kowa kuma ya fahimci abin da take cewa.

Sai Baffa, wanda shi ne zuciyar maganar. Ka ɗan tsaya ka dubi abin ta inda yake tsaye. Mutum ya ba wa ɗan'uwansa shekara 20 na ƙuruciyarsa, yana tashi tun kafin kiran sallar farko, ya san mai shayin da ke biya da wanda sai an yi masa jan ido, ya san dilan fulawar da zai ɗaga muku ƙafa ranar da babu. Rana ɗaya yayansa ya rasu, shari'a ta ce ba shi da ko kwano ɗaya a wurin, yaron da ya goya ya dawo daga Abuja ya kafa masa kyamara. Makullin nan da ya riƙe gam shi kaɗai ya rage masa da ke nuna yana da wani matsayi.

Akwai kuma tambayar da ban ga alamar ka yi masa ba: me ke tsakaninsa da marigayi? A al'adar kasuwancinmu yaro yana yi wa ubangidansa hidima da sanin cewa wata rana za a sallame shi da jari. Mu dai ba ma sa rana, ba ma rubutawa, sai mutuwa ta zo ta tarar da alkawari a baki. 'Yan kasuwar Ibo da ke sayar da kayan gyaran mota a Dilimi tun ranar da yaro ya zo ake faɗin shekarun da zai yi, in sun cika a sallame shi. Mai yiwuwa mahaifinka ya yi wa Baffa alkawarin da kai ba ka sani ba. Mai yiwuwa ya taɓa sa kuɗinsa lokacin da aka sayi inji. In haka ne, bashi ne a kan mamaci, kuma ana biyansa kafin gado. Mutumin da yake ganin ana riƙe da hakkinsa yakan fara biyan kansa da kansa, yana kuma ganin bai yi laifi ba.

Ka same shi a gidansa bayan sallar isha'i, ba a gidan burodi ba, kuma kafin zaman magada, kar ya ji labari a bakin wani. Ka tafi da ɗan abin hannu kamar yadda ɗa ke zuwa gaida uba. Ka ce, "Baffa, an ɗora mini kayan da ya fi ƙarfina, kuma akwai marayu a ciki. Ina so ka faɗa mini duk abin da ke tsakaninku da Baba, don kar mu ci hakkinka ba mu sani ba." Sai ka yi shiru ka saurara, ko da zai ɗauki awa biyu yana zagaye. Abin da ya faɗa, in da shaida ko wani dattijo ya san da shi, a kai zaman magada a biya shi.

Bayan nan ka zo kan aiki. Hannu ɗaya ba zai riƙe makullin sito, ya fitar da kaya, ya karɓo kuɗi, ya kuma zama shi ke faɗin nawa aka samu ba. Ko waliyyi ne, ranar da aka zarge shi ba shi da abin da zai wanke kansa da shi. Haka za ka faɗa masa, don gaskiya ce: rabon aikin nan kariya ce gare shi. Ka bar masa inda ya fi kowa ƙarfi, wato hulɗa da masu shayi da shaguna da neman sababbin kwastomomi, da albashi sananne da wani kaso a kan kowane burodin da aka sayar aka kuma biya. Ka lura, wanda aka biya. Daga ranar shi da kansa zai fi ka matsa wa masu riƙe bashi. Sito ya koma hannun wani, littafin kuɗi hannun wani daban. In akwai ƙanwarka ko ƙaninka daga ɗaya ɗakin da ya iya lissafi, shi ya fi dacewa da littafin.

Abin da za ka nema a wajensa guda ɗaya ne: a gaban ma'aikata murya ɗaya ce. In ya ga ka yi kuskure, kuma zai gani sau da yawa don ya fi ka sanin burodi, ya ja ka gefe. In yaro ya zo masa da maganar da ka riga ka yanke, ya ce masa je ka yi yadda aka ce. Kai kuma duk wani babban sauyi, ƙarin farashi ko sauya dilan fulawa, ka fara jin ta bakinsa, ka kuma bari a ga kana ji. Girmansa na uba yana nan a gida da masallaci da wajen biki, kai ne mai durƙusawa. Sunan yarinta da suke kiranka da shi kuwa, bar su. Ba ya rage ko burodi ɗaya.

To in littafi ya zauna, bayan wata biyu ko uku ya nuna giɓi a ɓangarensa fa? Sai a kira shi a ɗaki da dattijon nan guda, a buɗe shafin, a tambaye shi. A rufa masa asiri, a tsara yadda zai mayar, a raba shi da taɓa kuɗi. Ofishin 'yan sanda ba wurin kai ƙanin uba ba ne a kan abin da zaure zai iya kashewa. In kuma tun farko ya ce shi ba zai saki makulli ba, ba zai yi aiki da littafi ba, to magada ne za su yanke, ba kai kaɗai ba, a sallame shi sallama ta mutunci da jarin da zai kama wani abu.

Korar kowa da ka ambata, ka cire ta a ranka. Burodinku da ba ya kwana a hannun mutanen nan yake. Ranar da babban mai gashi ya fita, gidan burodin da ke layin bayanku zai ɗauke shi kafin azahar, ɗanɗanon ya bi shi, masu shayi su bi ɗanɗanon. Ka zauna da shi ka tambaye shi abin da ke damunsa ban da kyamara. Ba mamaki ka ji albashi ne da ba shi da rana, ko shekaru yana aikin dare babu hutun mako. Ka gyara abin da za ka iya, ka kuma ba shi yaro mai hankali ya koyar, da ɗan ƙari a kan koyarwar, don kar tandarku ta dogara da lafiyar mutum ɗaya.

Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce a ba wa ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa, kuma wanda ya shekara biyar ko fiye ba a sallamarsa sai da sanarwar wata guda ko kuɗin da ke madadinta. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka doka ba ta tilasta muku shi ba, amma yaranka sun san da lambar kuma da ita suke auna abin da kake ba su. Ko nawa ne, ka sa masa rana, kuma ranar kar ta motsa. Albashi yana gaba da cefanen gida, yana gaba da naka. Hadisi ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, a gidan burodi kuwa gumin a zahiri ake ganinsa.

Komawa Abuja ba laifi ba ne, kuma ban ce dole ka ƙare rayuwarka a bakin tanda don kai ne babban ɗa ba. Amma ko tafiyar ce a ranka, sai ka bi ta hanyar nan. Gidan burodin da ba shi da littafi, mai saye kuɗin gini da tsohon inji kawai zai biya. Wanda yake da lissafin wata shida a rubuce, da jerin kwastomomi, da ma'aikata masu takarda, ana sayensa da kuɗin kasuwanci mai tafiya, ko a ɗora masa manaja kai kana Abuja kana duba hoton shafi kowane dare. A zaman magada ka nemi a ba ka wata shida, a rubuta ranar da za su cika. In ta zo lissafi ya nuna wurin ba ya fitar da kansa, magada su yanke shawarar sayarwa, a kira masu ƙima biyu waɗanda ba su san juna ba, a kuma fara yi wa Baffa tayi kafin a kai wa bare.